Baffa da Saƙon da Aka Ce Ba Ya Buɗuwa

Baffa ya cika da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata, bayan an idar da sallar la'asar a masallacin ƙofar gidansa da ke Rano. Mu huɗu ne a ɗakin. Inna, matarsa, tana zaune wajen ƙafafunsa. Babban ɗansa ya tallafe masa kai. Limamin unguwa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni kuma, ɗan wansa, ina tsaye bakin ƙofa don kada a cika ɗakin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin a kira magariba an yi masa sutura, an kai shi makwancinsa.

Da gari ya waye 'yan ta'aziyya suka fara zuwa. Mutanen Rurum da ya yi shekaru yana sayen wake a hannunsu suka zo a mashina, bibbiyu da uku-uku. Ɗayansu ya ce bai taɓa ganin Baffa ya danna kwano da babban yatsa wajen awo ba. Wani tsohon Bafulatani, abokinsa tun ƙuruciya, da zai tashi sai ya ce, "Malam ya tafi da maganganun mutane a cikinsa. Allah ya sa su yi masa nauyi a mizani." A cikin gida kuwa na ji ƙanwata tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai je mana bincike?"

Akwai mutum guda da ya zauna can ƙarshen tabarma, inda rana take bugawa. Manomi ne daga Nariya, yana kuma haɗawa da acaɓa da rani. Bai sa baki a hirar kowa ba. Da na tashi zan yi alwala ya biyo ni, ya durƙusa, ya rage murya.

"Malam, ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Amma ruwa ya kusa. Bana in yi sharar gonar, ko in bari?"

Na ce masa zan isar da maganar ga masu ita, domin gonar ba tawa ba ce. Ta Baffa ce, kuma daga ranar Talata ta zama ta magada. Amma na san idan aka karɓe ta, mutumin nan da iyalinsa ba su da inda za su yi shuka a wannan damina. Yadda gonar ta shiga hannunsa shi ne abin da na zauna in rubuta, domin a cikinsa halin Baffa ya fi fitowa fili. Na nemi izinin mutumin kafin in rubuta, ya ce ai maganar ta daɗe da zama ta kowa. Zan bi ta daki-daki, kamar yadda ta faru.

Da farko sai a san aikin da Baffa yake yi wa dangi. Sana'arsa noma da fataucin wake. Amma duk yarinyar da aka zo neman aurenta a zuriyarmu, shi ne mai zuwa bincike. Yana da ƙa'idoji, ba ya kuma saɓa su. Da ƙafarsa yake zuwa, ba ya aike. Ba ya tambayar mutum biyu a wuri ɗaya. Idan ya dawo, sakamako kawai yake faɗa: a bayar, ko a dakata. Ban taɓa jin ya ce "wane ne ya gaya mini" ba. Wata rana mahaifina, wanda shi ne yayansa, ya matsa masa ya faɗi wanda ya kushe wani manemi. Baffa ya ce, "Yaya, ka tambaye ni nawa ne a aljihuna in gaya maka. Wannan kuwa ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni." Sai da suka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su, amma bai faɗa ba. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, da aka kafa kwamitin sulhu a unguwa, saboda wannan zurfin ciki nasa aka sa shi a ciki.

Abu na biyu, Baffa ba ya karɓar yabon kaya daga bakin mai sayar da su. Ina yaro na raka shi kasuwar Kibiya, muka tarar da wani mai maganin ƙarfe ya tara jama'a, yana goga wuƙa a cikinsa, ba ta kama shi. Baffa ya tsaya ya kalla har ya gama. Sannan ya zaro tasa wuƙar ya miƙa.

"Malam, gwada da wannan. Da safe na wasa ta."

Mutumin ya dubi wuƙar, ya dubi Baffa, ya ce maganin ba ya son gardama. Aka fashe da dariya. A hanyarmu ta komawa Baffa ya ce da ni, "Idan mutum ya ce maka abinsa ba ya fasuwa, kada ka ƙaryata shi. Tambaye shi kawai wa ya gwada, kuma da wuƙar wa."

Haka ya yi da aka kawo buhun ajiyar wake mai leda a ciki, wanda aka ce ƙwaro ba ya shiga. Ya saya, ya gwada, ya kuma yaba. Amma da hannunsa yake ɗaure bakin kowane buhu, kuma yakan zagaya ɗakin ajiya yana duba ko ɓera ya huda. Yakan ce buhun gaskiya ne, amma ba shi yake ɗaure kansa ba.

Da waya ta zo, yana cikin na ƙarshe da suka riƙe ta. 'Yar ƙarama ce mai tocila, kuma abu uku yake yi da ita: gaisuwa, farashin wake, da sanar da rasuwa. Ƙanena kuwa gyaran waya ne sana'arsa a kasuwar Rano, ya kuma iya aikinsa, ba na rage masa komai. Shi ya zo mana da labarin wata manhaja ta aika saƙo a ɓoye. A lokacin ana kakar zaɓe, kullum sai ka ji muryar wani ɗan siyasa tana yawo a wayoyin mutane, yana faɗin abin da ya ɗauka a asirce ya faɗa. Ƙanena ya ce wannan manhaja ta kawo ƙarshen irin haka. Muna zaune a zauren Baffa ya yi bayani.

"Baffa, wannan a kulle take ruf. Ba ta nuna lamba, ba ta nuna suna. Saƙo kuma sau ɗaya ake ji, ya goge kansa. Ko waɗanda suka ƙera ta ba sa iya buɗewa."

"Wa ya gaya maka?"

"Su suka rubuta."

"Su masu ita?"

"E mana."

"To, mai maganin ƙarfe ya dawo ke nan, ya sayi waya."

Ƙanena ya ji haushi. Ya ce masana na duniya sun bincika sun tabbatar. Baffa ya ce madalla, shi bai san su ba, amma ba zai ƙaryata su ba. Sannan ya ajiye carbinsa.

"Na yarda a hanya a kulle yake. In ya iso fa? Ba sai an buɗe za a ji ba?"

"Sai an buɗe."

"Wa yake kusa da kai in ka buɗe? Wa yake kusa da wancan lokacin da yake magana? Wayar a hannun wa take kwana in an kai ta caji? Kai da kanka, wayar mutum nawa ke cikin akwatinka yanzu, a buɗe?"

"Baffa, ai wannan ba laifin manhaja ba ne."

"Ni ma ban ce laifinta ba ne. Amma wanda asirinsa ya tonu, ina ruwansa da ko laifin waye?"

A nan suka tsaya, kowa yana kan bakansa. Ƙanena ya fita yana cewa tsofaffi ba sa son ci gaba. Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Ka biya ka duba mini tocilar nan, ta daina kamawa." Haka suke. Kullum cikin musu, kuma kullum Baffa ba ya ba kowa wayarsa sai shi.

Abu na uku shi ne abin da ya faru. 'Yar ƙanwata, malamar firamare ce, ta daidaita da wani saurayi ɗan wani Alhaji a Nariya. Ita da kanta ta ce a yi bincike kafin a karɓi komai. Sai aka yi rashin sa'a, Baffa ya faɗi daga mashin a hanyar Rurum ya karye a ƙafa, aka ɗaure shi, ya kwanta. Ya ce a jira ya miƙe. Mutanen yaro suna ta aiko da tuni, ƙanwata ta ƙosa. Ƙanena ya ce a bar masa, zai gama komai ba tare da kowa ya taka ko'ina ba.

Ya san mutumin Nariya, domin a wajensa yake gyaran waya. Ya kuma san cewa gonar da mutumin yake nomawa aro ce daga hannun Alhajin, uban yaro, don haka ya san gidan ciki da waje. Da mutumin ya kawo wayarsa gyara, ƙanena ya ja shi gefe ya roƙe shi. Mutumin ya ce yana tsoro, abincinsa a hannun Alhaji yake. Ƙanena ya sa masa manhajar, ya raɗa masa sunan bogi, ya rantse masa cewa ko aljani ba zai san shi ya yi magana ba. Ya ce ya koma gida ya natsu, ya aiko da saƙon murya.

Saƙon ya iso wata ranar Alhamis da hantsi. Da yake sau ɗaya ake jinsa, ƙanena bai buɗe ba. Ya ce idan ya ji shi kaɗai za a ce ya ƙara ko ya rage. Ya zo gidan Baffa ya tara ƙanwata da Inna a tsakar gida, ni ma aka kira ni. Baffa yana ɗaki yana barci, ba a tashe shi ba. Inna kunnenta ya yi nauyi, ta ce a ƙara murya kada ya wuce ta. Ƙanena ya ƙure sautin, ya danna.

Ga yadda mutumin Nariya ya fara, ban manta ba:

"Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali? Yaya ƙafar Baffa? Don Allah ka ce da shi mai gonar bakin rafi, wanda ya kai masa farin wake bara, yana gaishe shi, yana yi masa sannu. Ka gai da Inna."

Inna ta amsa da ƙarfi, "Muna amsawa, Allah ya yi albarka."

An ɓoye lambarsa, an ɓoye sunansa. Amma ba wanda ya tuna cewa mutumin ƙasar nan ba zai aika magana gidan babba yana kwance ba lafiya, ya tsallake gaisuwa ba. Kuma gaisuwar da ba a san mai ita ba, ba gaisuwa ba ce. Ladabinsa ne ya sa ya faɗi ko shi wane ne, tun kafin ya shiga magana.

Abin da ya faɗa game da yaron ba zan maimaita ba. Yaron ya shiryu yanzu, yana da iyalinsa. Ya dai isa a dakatar da maganar aure, kuma daga baya ya tabbata gaskiya ne. Saƙon ya ƙare, ya goge kansa kamar yadda aka yi alkawari. Ƙanena ya nuna mana fuskar wayar, ba komai a kai. Ya ce, "Kun gani? Ko alama."

Sai muka ji tari daga rumfar bayan ɗakin girki. Mai kitso ce, tana yi wa jikar Inna kitso tun safe, mun manta da ita sarai. 'Yar Nariya ce, aure ya kawo ta Rano. Ba na zarginta da mugunta. Ta ji abin mamaki, ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa mijinta. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta isa zauren Alhaji. Ya aika aka gaya wa mutumin kada ya sake taka masa gona. A lokacin an fara ganin hadari a gabas.

Ni na shiga na gaya wa Baffa. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce a kira ƙanena. Ƙanena ya shigo ya tsuguna, idonsa ya yi ja.

"Baffa, wallahi ba a fasa manhajar ba."

"Na sani. Ba wanda ya fasa ta. Ka yi gaskiya a nan."

"To ka gani..."

"Na gani. Makullinka yana nan lafiya, mutum kuma ya rasa gona. Akwai mai a mashin ɗinka?"

Inna ta hana, ta ce ƙafar ba ta haɗe ba. Baffa ya ce, "Hajiya, miƙo mini sandata. Da sunana aka gaisa a saƙon nan." Muka ɗora shi bayan ƙanena, ƙafar a miƙe, ni ina biye a wani mashin, har Nariya.

Alhaji ya karɓe mu a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa kamar ba komai. Baffa ne ya buɗe magana.

"Alhaji, na zo ba da haƙuri. Mutumin nan bai kawo mana gulma ba. Mu muka same shi, muka haɗa shi da Allah. Kuma ka sani, malamai sun ce wanda aka nemi shawararsa kan aure, wajibi ne ya faɗi abin da ya sani."

"Malam, na san wannan. Amma shekara nawa yana cin gonata? Da ya zo ya same ni, ya ce ɗanka kaza-kaza, da na gode masa. Sai in ji a bakin mata?"

"Wannan laifin gidana ne, ba nasa ba."

"To gidanka ya ba shi gona."

Ƙanena ya ɗago zai yi magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ka yi hukunci, kuma na karɓa. Gonarka ce. Allah ya shirya mana zuriya baki ɗaya." Ya dafa sandarsa muka tashi.

Daga nan gidan mutumin muka wuce. Muka same shi zaune a ƙofar gida, matarsa tana leƙowa ta bayan zana. Baffa yana da gona a ɓangaren Kibiya, wadda ya gada ta wajen mahaifiyarsa, jan ƙasa mai kyau, tana ba da dawa da wake. Ya ce da shi, "Gobe ka je ka fara shara. Iri yana wajena." Mutumin ya ce ba zai iya karɓa ba. Baffa ya ce, "Ba kyauta nake yi maka ba. Mun ce maka ba wanda zai ji, an kuma ji. Tashi ka nemo fartanyarka."

Babban ɗan Baffa bai ji daɗi ba ko kaɗan, domin shi yake noma wannan gona, ya kuma riga ya kai taki. Ya ce, "Baba, wani ya yi ɓarna da waya, ni za a cire wa gona?" Baffa ya ce, "Ƙaninka ne ya yi, a tsakar gidana, uwarka ta amsa gaisuwar. Nuna mini bare a ciki." Ɗan ya sakar masa gonar, amma na san abin bai bar ransa ba, domin ko a bara ya sake tayar da maganar.

Tun daga ranar Baffa bai sake yi wa ƙanena gorin abin ba, ko sau ɗaya. Ƙanena yana nan yana sana'arsa, yana kuma sa wa mutane manhajar idan sun nema. Abin da ya sauya shi ne bayaninsa. Na taɓa tsayawa a rumfarsa na ji yana gaya wa wani, "A hanya dai a kulle take, iyakar sanina. Amma kada in ji ka ce na ce maka ba mai ji." 'Yar ƙanwata kuwa ta auri wani daga Kahu, kuma Baffa ne ya je binciken da ƙafarsa, yana ɗingishi.

Saura abu na ƙarshe. Bayan an yi addu'ar bakwai, magada suka zauna a zaure tare da liman, aka kira ni a matsayin shaida. Baffa bai bar wasiyya kan gonar ba. A shari'a haƙƙinsu ce, ba mai ja da wannan, liman ma ya faɗa a fili. Na isar da tambayar mutumin Nariya kamar yadda ya yi ta, ban ƙara ba, ban rage ba. Kowa ya dubi babban ɗa. Inna ce ta yi magana daga bakin ƙofar cikin gida.

"Ni dai na amsa gaisuwar nan da bakina. Kasona na ciki, na bar masa ya noma."

Babban ɗa ya ɗago ya ce, "Inna, ba sai an kai ga kasonki ba. Ya ci gaba da nomanta muddin yana da ƙarfi. Wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu." Kowa ya amince. Liman ya yi addu'a aka shafa.

Ƙanena, da yake tsaye a ƙofar zauren, ya zaro waya ya ce bari ya kira mutumin ya yi masa albishir. Babban ɗa ya riƙe masa hannu.

"Mayar da ita aljihu. Ba ni makullin mashin."

Shi da kansa ya je Nariya. A daren ranar aka yi ruwan shuka.

Wannan shi ne Baffa kamar yadda na san shi. Bai ƙi waya ba, bai kuma ce masu ilminta maƙaryata ne ba. Abin da ya ƙi shi ne a yi wa mutum alkawarin da ba a da ikon cikawa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na mutane.

Kai mai karatu, abu biyu nake roƙonka. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu kafin ka ajiye wannan takarda. Sannan duk ranar da wani zai gaya maka gaskiyar da za ta iya raba shi da abincinsa, kada ka ce masa ya aiko ta waya, ko da an rantse maka a kulle take. Ka nemi mashin ka je ka same shi, ka duba bayan zana kafin ya buɗe baki, in kuma ka dawo ka faɗi sakamako, ka bar sunansa a cikinka.